Kafin ka zuba kuɗinka a injin leza na buga kwanan wata a jikin kaya

Duk mai sarrafa abin ci ko abin sha ko magani ko man shafawa ya san NAFDAC bata wasa da abu uku a jikin kaya: ranar da aka yi shi, ranar da zai yi ekspaya, da lambar rukunin da ya fito a ciki. Kamfanoni da yawa a Sharaɗa da Bompai da Challawa har zuwa Kakuri a Kaduna da injin feshin tawada suke wannan aikin, kuma duk wanda ya taɓa riƙe irin injin ya san ciwon kansa, yau tawada ta ƙare, gobe ruwan tsinka ta ya ƙare, jibi bakin ya toshe layi ya tsaya ana jiran mai gyara, ga shi duk kayan nan daga waje suke zuwa, dala na motsawa farashinsu na binta. Shi yasa da mutum yaji ance akwai leza wadda bata shan tawada kwata-kwata sai hankalinsa ya tafi can. Gaskiya ne bata sha. Amma ba kowane kaya take iya rubutu a kai ba, kuma a nan mutane ke asarar miliyoyi.

Bari in fara da yadda abin yake aiki a gurguje, don duk sauran bayanin a kansa ya rataya. A cikin injin akwai bututu rufaffe da aka cika da iskar CO2 haɗe da naitirojin da hiliyam, idan wuta ta bi ta ciki sai ya fitar da wani haske mai zafi wanda ido baya gani. Ba sabon abu bane, tun 1964 wani injiniya ɗan asalin Indiya mai suna Kumar Patel ya ƙirƙiro shi a Bell Labs a Amurka. A kan injin akwai ƙananan madubai biyu da ke juyawa da mugun gudu, ɗaya na kai hasken hagu da dama ɗaya sama da ƙasa, sai wani gilashi da ke bakin injin ya tattara shi ya zama ɗan ɗigo a jikin kaya. Ɗigon nan shi ke ƙonawa ko narkarwa ko kankare saman kayan. Toh lura da kyau: tunda babu tawada, launin rubutun daga jikin kayan kansa yake fitowa. Idan kayanka baya canza kala idan ya ji zafin, rubutu zai hau amma babu mai iya karanta shi.

Mataki na ɗaya: ɗauko kayanka ka ajiye a tebur, manta da injin tukuna

Nan zan daɗe saboda nan ne maganar take. Kar ka fara da tambayar wane kamfani ne ya fi ko mai ƙarfin wat nawa zan saya. Fara da tambayar a kan me zan yi rubutun.

Kwalin da aka yi wa fenti, irin na magani ko shayi ko sabulu ko man goge baki, wannan shi ne abincin lezar CO2. Hasken na kankare fentin sama sai farin kwalin na ƙasa ya bayyana, rubutu ya fito fari tas a kan shuɗi ko baƙi ko ja mai duhu. Shi yasa in ka duba kwalin magani zaka ga wani ɗan fili mai duhu da aka ware musamman don kwanan wata. In kana da niyyar sayen leza ka yi magana da mai buga maka kwali tun yanzu ya ware maka irin wannan filin, kuma kar ya zama ruwan ɗorawa ko wani launi mai haske, fari a kan ruwan ɗorawa sai an kanne ido ake gani. Lakabin takarda da ake mannawa a kwalba shima haka yake. Babban katan mai ruwan ƙasa kuwa yana karɓa amma rubutun baya fitowa baƙi ƙirin, ruwan ƙasa ne a kan ruwan ƙasa, don manyan haruffa da lambar da za'a yi sikanin gara injin tawada na katan.

Robar PET, wato gorar ruwa da lemo, tana karɓa sosai, rubutun na fitowa kamar an sassaƙa shi, ba kala gare shi ba amma ana gani in haske ya buge shi kuma ba mai iya goge shi da fetur ko sinadari ya canza kwanan wata. Wannan ma kaɗai ya isa dalili ga wanda 'yan jabu ko masu sabunta ekspaya suka dama. Kwalbar gilashi ita ma tana yi, rubutun ya fito fari-fari. Katako da fata da roba mai fenti duk suna yi.

Ga inda matsala take. Farar robar HDPE, irin ta jarkar mai da wasu robobin yogot da na sabulun ruwa, CO2 na narka ta ne kawai babu wani canjin kala, sai ka shafa da yatsa kaji akwai rubutu. Irin wannan wata leza daban da ake kira UV ce ta fi dacewa da ita, ko a wasu lokutan wadda ake kira faiba. Ƙarfe tsirara, gwangwani ko murfin da babu fenti, hasken CO2 baya kama shi, wannan aikin faiba ne. In akwai fenti a kan ƙarfen toh zai kankare fentin, wannan daban.

Sai masu fiya wata, don na san su suka fi yawan tambaya. Alhaji ledar nan siririya ce kuma ana hango abin da ke cikinta, hasken zai iya ratsa ta bai bar komai ba, in kuma ka ƙara ƙarfi don ya fito sai ya raunana ta ko ya huda, a jera buhu a mota ruwa ya dinga tsiyaya. Hanya ɗaya da ake bi ita ce a buga wani fili mai fenti mai kauri a jikin ledar sai leza ta kankare fentin kawai, kuma ko wannan sai an gwada da kyau. A ganina mai ƙaramin kamfanin fiya wata ya riƙe na'urar ribon mai zafi ko ta tawada, ya kai kuɗin leza wani wurin. Haka masu ledar biskit da cincin da garin kunu, wasu ledojin masu hawa-hawa suna yi wasu basa yi, gwaji ne kaɗai zai raba gardama.

Mataki na biyu: tsawon zangon hasken

Mutane da yawa basu san lezar CO2 ɗin ma iri uku bace a kasuwa, bambancinsu a tsawon zangon hasken yake, wanda ake aunawa da maikron. Akwai 10.6 maikron, ita ce gama-gari, kwali, takarda, gilashi, katako. Akwai 10.2 wadda ta fi kama kwalin da aka lulluɓe da siririyar leda mai sheƙi da wasu ledojin da ake yi da robar PP. Sai 9.3 wadda PET ke shanye ta tun daga sama-sama, saboda haka rubutun na fitowa sarai ba tare da ya yi zurfi ba. Wannan na da muhimmanci yanzu da kowa ke rage kaurin gora don rage kuɗin roba, musamman lemo mai gas, ɗan rauni kaɗan a jikin gora matsin ciki zai nemo shi. In aikinka gora ne ka nemi 9.3 kuma a rubuta ta a takardar ciniki, domin ba abu bane da ake canzawa da maɓalli daga baya, da bututun take zuwa.

Mataki na uku: lissafin gudu, daga nan wat ke fitowa

A kasuwa zaka fi ganin wat 10 da 30 da 60. Videojet na da 3140 da 3340 da 3640 a wannan jerin, Domino na da D120i da D320i da D620i, Linx na da CSL10 da CSL30 da CSL60, ga kuma Markem-Imaje da jerin SmartLase, ga Macsa ta Sifen, ga kamfanonin Chaina birjik tun daga manya irin Han's Laser na Shenzhen har zuwa masu haɗawa a ƙaramin shago. Dillali zai so ya tura maka babba don ribarsa ta fi, wani kuma ya tura maka ƙarami don farashin ya yi maka daɗi ka saya da wuri. Kai dai yi lissafinka.

Misali layinka na fitar da gora 12,000 a awa. Raba da 60, gora 200 kenan a minti, wato kowace gora na da kashi 3 cikin 10 na sakan. In tazarar tsakiyar gora zuwa tsakiyar ta gaba santimita 10 ce, bel ɗin na tafiyar mita 20 a minti. Sai ka ƙirga haruffan da kake so, layi nawa, tsayin harafi milimita nawa, akwai tambari ko babu, akwai lambar sikanin irin QR ko 'yar'uwarta DataMatrix ko babu. Waɗannan alƙaluman su zaka miƙa wa mai sayarwa, ba wai kace masa layina na da gudu ba. Kar kuma adadin haruffa a sakan da ke cikin kasidarsu ya ruɗe ka, da ƙananan haruffa masu zare ɗaya a kan kaya mai sauƙi ake auna shi. Harafi mai kauri da aka cike cikinsa na cin lokaci ninki-ninki, lambar DataMatrix kuwa ta fi kowa ci, kuma masu harhaɗa magani su sa wannan a lissafi tunda NAFDAC na tura harkar magani zuwa tsarin bin sawu na GS1.

A dunƙule, wat 10 na layi mai tafiya a hankali ne da kaya mai sauƙin kamawa kamar kwali mai fenti. Wat 30 shi ne wanda ya fi dacewa da yawancin matsakaitan kamfanoni. Wat 60 na layin lemo da ruwa masu tsananin gudu ne ko gilashi ko rubutu mai yawa. Shawarata kar ka sayi wanda sai an murɗe shi ƙarshe kafin ya yi aikinka. Ƙarfin bututu na raguwa da shekaru, gilashin bakin injin na yin datti, watarana kuma zaka ƙara gudun layi. In a ranar gwaji sai da aka kai shi kusan ɗari bisa ɗari, hau mataki na gaba.

Mataki na huɗu: gilashi da wurin da za'a kafa shi

Gilashin da ke bakin injin shi ke yanke faɗin filin rubutu da kuma nisan da kan injin zai tsaya daga kaya. Mutane na son babban fili saboda ko da za'a buƙata, amma duk sanda fili ya ƙaru ɗigon hasken na ƙara faɗi ƙarfinsa na bajewa, sai wat 30 ɗinka ya koma kamar na 10. In layi biyu na kwanan wata kawai zaka rubuta zaɓi ƙaramin fili. Babban fili na masu buga layuka da yawa ne a lokaci ɗaya a kan faffaɗar leda.

Kaya kuma dole ya dinga wucewa a nisa ɗaya, 'yan milimita kaɗan ne sassaucin. Gorar da ke rawa a kan bel rubutunta ɗaya zai fito ɗaya ya dushe, don haka a sa mata ƙarafan gefe su riƙe ta. Sannan ga abin da ake yawan mantawa: ruwa na shanye hasken CO2. Gorar da ta jiƙe daga wurin cikawa ko ta yi raɓa saboda sanyi, rubutu zai dinga yankewa. Ko dai a kafa injin kafin wurin cikawa, ko a sa bututun iska mai ƙarfi ya busar da wurin kafin gora ta iso.

Tabbatar cinikin ya haɗa da sensa mai ganin isowar kaya da kuma enkoda, ɗan tayan nan da ke manne da bel yana gaya wa injin gudunsa. Ba tare da shi ba, duk sanda bel ya ɗan rage gudu ko ya ƙara sai haruffa su cure ko su miƙe. A wurin da ake yawo tsakanin wutar gari da janareta enkoda ba ado bace.

Mataki na biyar: wane irin bututu ne a ciki

Tambayi wannan kai tsaye. Akwai bututun gilashi mai tsayi da ake sanyaya shi da ruwa, shi ne a cikin injinan yankan akirilik da sassaƙa allunan karramawa, yana da araha amma rayuwarsa 'yan dubban awanni ce kuma baya kunnawa da kashewa da saurin da layin kamfani ke so. Sai bututun RF na ƙarfe ko yumbu a rufe ruf, shi ne na buga kwanan wata, ana maganar dubun-dubatar awanni, wasu kamfanonin na tallata har awa 45,000. In kaga farashi ya faɗo ƙasa warwas akwai yiwuwar na gilashi ne aka sa wa riga. In ance RF ne ka tambayi wa ya ƙera shi, Synrad ne ko Coherent ko na Chaina irin Davi, kuma in ya raunana ina ake kai shi a sake cika masa iska, nawa ne, wata nawa zai yi a hanya, za'a baka na aro kafin ya dawo ko layinka zai zauna.

Mataki na shida: zafi, ƙura, ruwa da wuta

Yawancin injinan nan an rubuta suna aiki ne tsakanin digiri 5 zuwa 40. Duk wanda ya shiga kamfani mai rufin kwano a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ya san ana wuce haka. Leza in ta yi zafi ƙarfinta na sauka, daga baya ta kashe kanta. Tambayi yadda ake sanyaya ta, fanka ce ko iskar kwamfuresa ko ruwa, ka kuma nisanta ta da tanda da injin hura gora. In ta kama a yi mata ɗan ɗaki mai AC toh a yi.

Ƙurar hunturu ma abokiyar gaba ce, tana toshe fanka tana kwanciya a gilashi, ƙurar da ta kwanta kuma hasken na ƙona ta a wurin har gilashin ya tsage. Duba lambar IP, wato ma'aunin juriyar injin ga ƙura da ruwa. IP54 na jure ƙura daidai gwargwado da fantsamar ruwa. In wurinka ana wanke shi da tiyo kamar na madara da lemo, ko gari na tashi kamar na fulawa da kayan yaji, nemi IP65.

Wuta kuwa injin kansa baya ci da yawa, na wat 30 bai kai kilowat ɗaya ba, amma baya son wuta mai hawa da sauka. Saya masa UPS irin wanda kullum ta batir yake bayar da wuta, ba ƙaramin na kwamfutar ofis ba, a ja masa layinsa daban da na manyan injina, a kuma binne masa ƙarfen atin na kirki. Karanta takardar garanti, da yawa basa ɗaukar lalacewar da wuta ta jawo.

Mataki na bakwai: hayaƙi da ido

Duk abin da leza ta kankare hayaƙi da ƙura yake zama, wani ya koma kan gilashi wani ya shiga huhun yaran da ke tsaye a layi tun safe. Injin zuƙe hayaƙi mai matatar ƙura da matatar gawayi dole ne, BOFA ta Ingila na cikin sanannun masu yin sa. Matatun nan ana canza su, don haka maganar wai leza bata cin komai bayan saye ba gaskiya bace gaba ɗaya. PVC kuwa a yi hattara, in ya ƙone yana fitar da iska mai asid da ke cutar da mutum tana kuma cinye ƙarfen injin, sai da matata ta musamman.

Injinan nan aji na 4 ne a ma'aunin haɗarin leza, mafi girma kenan. Hasken baya ganuwa, yana ƙona fata da ido yana kuma iya kunna wuta a takarda. A kewaye wurin rubutun da murfin roba mai kauri irin polikabonet, da makunnin da zai kashe hasken da zarar an buɗe ƙofa. Kuma don Allah kar a bari wani gwani ya ɗaure makunnin da salatif don aiki ya yi sauri.

Mataki na takwas: gwaji, sannan ciniki

Kar ka biya ko kwabo kafin a yi rubutu a kan kayanka na gaske. Ba hoton WhatsApp ba, ba bidiyon gorar wani kamfani ba. Aika musu kowane iri da kowace kala da kake yi, harda na masu kawo maka roba ko kwali daban-daban, don kwali biyu na iya kama da juna a ido amma fentinsu ya bambanta. Ka ce a rubuta maka wat nawa aka yi amfani da shi, wane zango, wane gilashi, kashi nawa na ƙarfi, da lokacin da kowane rubutu ya ɗauka, sai ka gwada da lissafinka na mataki na uku. Da samfurin ya dawo ka cika gorar ka matse ta, ka jera ta a rana, ka sa a firiza, ka ba dattijo ya karanta ba tare da ka gaya masa abin da aka rubuta ba. In da lambar sikanin ka gwada da wayoyi daban-daban.

Duba allon sarrafawar ma. Yana canza kwanan wata da kansa in dare ya raba? Yana lissafa ekspaya da kansa? Ana iya sa masa kalmar sirri don kada kowa ya taɓa? In kana kai kaya Maraɗi ko Damagaram ko Injamena, yana rubuta haruffan Faransanci da Larabci?

Wurin saye hanya biyu ce. Ko ka bi wakilin babban kamfani, galibinsu a Legas suke kuma ana samunsu da injinansu a baje kolin Propak West Africa, ko ka yi oda kai tsaye daga Chaina ka bi ta takardun shigo da kaya na Form M da PAAR da kuɗin kwastan da kanka. Ta biyun ta fi araha nesa ba kusa ba, amma ranar da allon ciki ya ƙone kai da mai gyaran da ke bayan teku ne a waya, ga bambancin awa bakwai tsakaninmu da su. Ko wanne ka zaɓa tambayoyin ɗaya ne: ina injiniyanku mafi kusa yake, kwana nawa zai ɗauka ya iso, wane kayan gyara kuke ajiyewa a ƙasar nan, garantin bututu shekara nawa ne daban da na sauran injin. Ka nemi su haɗa ka da wani kamfanin da ya shekara biyu yana amfani da irinsa, ka je da ƙafarka ka yi hira da yaron da ke kunna shi kullum, ba manaja ba.

Lissafin riba kuma kai zaka yi da rasitanka. Tara abin da ka kashe bara a tawada da ruwanta da gyara da awannin da layi ya tsaya, ka ninka da biyar. A ɗaya gefen sa kuɗin leza da injin hayaƙi da UPS da murfi da kafawa da matatun shekara biyar. Mai aiki dare da rana zai ga leza ta biya kanta, mai kunna layi sau biyu a sati da wuya.

In ka yanke shawara, kar ka biya duka a gaba. Riƙe wani kaso sai an kafa injin ya yi cikakken yini yana aiki a gudun layinka da kayanka, a rubuta wannan sharaɗin a yarjejeniya. Sa a koya wa mutum biyu ko uku ba ɗaya ba, don in ɗaya ya bar aiki kar injin ya zama gunki. A haɗo maka da gilashi ɗaya na ajiya da sensa da matatu tun a odar farko. Gilashin nan mai ruwan ɗorawa da sinadarin zink selenaid ake yin sa, yana da laushi kuma ɓaraguzansa guba ne, ba'a taɓa shi da hannu tsirara, ba'a goge shi da gefen riga, sai da takardarsa ta musamman da ruwan gogewar da kamfanin ya ce, kuma sai an kashe injin an zare makulli.